Sharhi kan kejin gilashi mai hawa biyu, da yadda ya yi da jabil mai tsoro da cizo

Kejin da wannan sharhi ya shafa shi ne irin wanda shagunan dabbobin gida a Ingila ke sayarwa musamman domin jabil, wato ɗan ƙaramin ɓeran nan na hamadar Mongoliya da ake kiwo a ɗaki don sha'awa. Hawa biyu gare shi: ƙasansa akwatin gilashi ne mai zurfi wanda ake cikawa da shimfiɗa, samansa kuma keji ne na waya mai dandamali da tsani da ƙofofi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a rufi. Wanda na saya a wani shago a Birmingham tsawonsa ya kai mita ɗaya, faɗinsa rabin mita, kuma kuɗinsa ya haura fam 100 tun kafin a sa kuɗin shimfiɗa da sauran tarkace. Dalili ɗaya ne ya sa na saye shi. Mun karɓi jabil biyu maza, 'yan ciki ɗaya, daga hannun wasu maƙwabta da za su bar gari, kuma ɗaya daga cikinsu ba ya yarda hannu ya kusance shi sai ya kafa masa haƙori, cizo na gaske wanda ke fitar da jini. Da wannan matsala zan auna kejin, domin kyan gani da sauƙin haɗawa ba su ne suka kai ni shago ba.

Kafin a gane amfanin zurfin gilashin, dole a san irin dabbar da za ta zauna a ciki. Jabil bai daɗe a hannun mutane ba. A shekarar 1954 ne Dakta Victor Schwentker ya shigo da shi Amurka domin binciken kimiyya, kuma sai a shekarun 1960 ya fara shiga gidaje a matsayin dabbar sha'awa, har ya iso Ingila. Kare da kyanwa sun yi dubban shekaru tare da ɗan Adam, shi kuwa jabil har yanzu yana ɗauke da halin kakanninsa na busassun filayen Mongoliya da arewacin Sin, inda suke zaune iyali-iyali a cikin ramuka masu ƙofofi da yawa, suna tsoron shaho da mujiya daga sama, da dila da maciji daga ƙasa. Dabbar da nauyinta ba ya wuce giram 100 da 'yan kai, abu biyu take da shi idan ta firgita: ta faɗa rami, ko kuwa, idan an toshe mata hanya, ta yi cizo. Duk kejin da ya hana ta na farko ya bar ta da na biyu.

Kejin da suka zo mana a ciki irin wanda ake yi wa hamsta ne, wata ƙaramar dabbar kiwo mai kama da ɓera, mai farantin roba a ƙasa wanda shimfiɗar cikinsa ba ta kai tsawon yatsa ba, da bututun roba masu launi da ke burge yara. A cikinsa mai cizon yakan yi ta tonon kusurwa ɗaya ba ƙaƙƙautawa, ko ya kama wayar keji yana ta gaigaya, kuma da zarar inuwar mutum ta faɗa kansa sai ya fara buga ƙafafunsa na baya a ƙasa da sauri, wanda shi ne gargaɗin da jabil ke yi wa 'yan'uwansa idan ya ga haɗari. Wannan tonon kusurwa sananne ne ga masu nazarin halayyar dabbobi. Christoph Wiedenmayer ya wallafa bincike a 1997 da ya nuna cewa 'ya'yan jabil da suka tashi da hanya mai kaiwa zuwa ɗaki mai duhu ba sa kamuwa da wannan ɗabi'a, alhali waɗanda aka ba su abin tono kawai ba tare da maɓoya ba suna kamuwa da ita. Ke nan abin da dabbar ke nema shi ne wurin ɓuya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: jabil ɗin yana cizo, gaskiya ne, amma kejin da aka ajiye shi a ciki da hannun da ke sauko masa daga sama suna da nasu kason laifin.

A nan ne kejin gilashin ya cancanci kuɗinsa. Zurfin akwatin ya kai kusan santimita 30, kuma na cika shi har kusa da baki da haɗin shimfiɗar takarda da ɓarɓashin katakon asfen da busasshiyar ciyawa, na cusa gutsattsarin kwali a tsakani. Haɗin yana da muhimmanci, domin ɓarɓashin katako shi kaɗai yana rushewa, ciyawar da kwalin ne ke riƙe rufin rami. Shagon yana sayar da wata shimfiɗa mai laushi kamar auduga kusa da kejin, kuma ban ba kowa shawarar sayenta ba, saboda zarenta yana naɗe ƙafa, idan kuma aka haɗiye shi yana toshe hanji. Haka nan katakon sida, wanda ƙanshinsa ke damun numfashin ƙananan dabbobi. Da aka sa su a ciki, kafin gari ya waye sun haƙa hanyoyi da ɗakuna, wasunsu a jikin gilashi inda ake iya hangen su, sannan mai cizon ya shige ƙasa ya daina fitowa idan akwai mutum a ɗakin. Wanda ya sayi kejin don ya riƙa kallon dabbarsa kullum zai ji haushi a wannan mataki, kuma na fahimci dalilin da ya sa wasu ke rage shimfiɗar don su riƙa ganin ta. Yin haka ɓata kuɗi ne, domin an mayar da kejin irin wanda aka baro. A makon farko aikin mai kiwo bai wuce ya zuba abinci, ya canja ruwa, ya zauna kusa yana magana a hankali, ya bar dabbar ta saba da muryarsa da ƙanshinsa ba.

Tonon kusurwa ya tsaya tun da wuri. Bugun ƙafa ya ragu daga baya, a hankali, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda tsoron ya sauya kama: maimakon ya ƙame a kusurwa yana jiran hannu, sai ya leƙo daga bakin rami, ya miƙe a kan ƙafafun baya yana shinshina iska, ya koma, ya sake fitowa. Jabil dabba ce mai son sanin kowane sabon abu, kuma wannan hali ne mai kiwo ke dogara da shi, amma ba ya bayyana sai dabbar ta tabbata cewa ramin yana nan a bayanta.

Abu na biyu da na yaba, kuma a ganina shi ne ya raba wannan keji da akwatin kifi na gilashi da wasu ke amfani da shi, shi ne ƙofar gaba. Tana daidai da dandamalin hawa na sama, don haka mutum yana iya shigar da hannunsa daga gefe, ya kwantar da shi a kan dandamali tafi a buɗe, ya bar shi nan ba motsi. Hannun da ya zo ta gefe yana ƙasa da idon dabbar, ba ya yi mata inuwa, kuma ita ce ke zaɓar ta zo ko kada ta zo. Kafin haka nakan wanke hannu da sabulu marar ƙanshi, domin jabil ya fi dogara da hanci fiye da ido wajen gane abin da ke kusa da shi, kuma yatsan da ya taɓa gyaɗa ko tuffa a wurinsa abinci ne. Sannan in murza ɗan shimfiɗar kejin a tafina don ƙanshin gidansu ya kama shi. Abin jan ra'ayi kuwa 'ya'yan kabewa ne, ko ɗan guntun zangarniyar gero irin wadda ake sayarwa don tsuntsaye. Da farko ana ajiye su nesa da hannu, sannan kusa da yatsu, sannan a tsakiyar tafi, yadda sai ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan mutum kafin ya ɗauka. 'Ya'yan furen sanfulawa ma suna aiki sosai, sai dai maiƙonsu ya yi yawa, don haka kaɗan ake bayarwa. Ɗan'uwansa marar tsoro ya taimaka ƙwarai, domin shi ne ke fara zuwa, mai cizon ya biyo baya don kada a cinye ba da shi ba.

Ya kamata a bambanta cizo iri biyu, domin masu sabon kiwo suna haɗa su wuri ɗaya. Akwai ɗanɗanawa, inda jabil ke sa haƙori a hankali a kan yatsa ko farce don ya gane ko mene ne, kuma wannan ba ya huda fata. Ya isa a janye yatsan a hankali ko a ture hancinsa da sauƙi. Akwai kuma cizon tsoro, mai sauri da zurfi, wanda wani lokaci yakan riƙe bai saki ba. Idan haka ta faru, abin da ya fi wuya kuma ya fi muhimmanci shi ne kada a fizge hannu, domin fizgewa na iya wurgar da dabbar ta karye, kuma yana ƙara yaga fatar mutum. A sauke hannun zuwa shimfiɗa, da ƙafafunsa sun taɓa ƙasa zai saki. Duka da tsawa ba sa koya masa komai sai ƙarin tsoro. Wasu masu kiwo suna ba da shawarar a hura masa iska a fuska idan ya yi cizo, ni kuwa ban yarda da ita ga dabbar da tsoro ne asalin matsalarta ba, musamman ma da yake wasu jabil suna da farfaɗiya ta gado wadda firgici ko riƙo mai tsanani ke tayarwa, galibi a ƙuruciyarsu.

Ƙofar rufi babba ce, kuma tana da amfani wajen shara da sauya kaya, amma wajen sabo ita ce ƙofar da ya kamata a manta da ita. Duk lokacin da ya zama dole a fitar da jabil ɗin da bai saba ba, hanyar da ta fi ita ce a ajiye bututun kwali ko kwalba mai faɗin baki a gabansa, ya shiga da kansa, a rufe bakin da tafin hannu ko kwali a ɗauke. Bayan ya saba, ana tallabo shi da hannu biyu daga ƙasa, a kusa da shimfiɗa ko a kan gado, domin yana iya tsalle ba zato. Jela kuwa ba a kama ta ko kaɗan. Fatar jelar jabil tana saɓulewa idan aka ja ta, ta bar ƙashi a fili, ɓangaren ya bushe ya faɗi ko likita ya yanke shi, kuma ba ya sake tsirowa. Zurfin gilashin yana da wata fa'ida a nan wadda ban yi tsammani ba: yana hana yara tono dabbar daga barci, tunda ba su san inda take ba. Jabil yana barci da farkawa sau da yawa a cikin yini da dare, don haka ba a daɗe ana jira kafin ya fito da kansa, kuma wanda aka tayar daga barci da hannu shi ne ya fi saurin cizo.

Sai kuma aibobin kejin, kuma ba kaɗan ba ne idan aka dubi kuɗinsa. Kayan da aka haɗo a cikin kwalin kusan duk na canja su. Gefen dandamalin roba ne, kuma haƙoran jabil ba sa daina tsiro, don haka gaigaya aikinsa ne na kullum; ba a jima ba sai ga gutsattsarin roba a cikin shimfiɗa, dole na sa katako a madadinsa. Tsanin na waya ne mai ramuka da ƙafa za ta iya maƙalewa. Wilin gudun ƙarami ne ƙwarai, yana tilasta wa dabbar lanƙwasa baya, kuma yana da sanduna da ke iya kama jela. Abin da ake buƙata shi ne wili mai shafaffen ciki, mai faɗin da bayan dabbar zai miƙe yayin gudu. Babu kwanon wankan yashi a cikin kayan, alhali jabil da yashi yake tsabtace gashinsa, ba a yi masa wanka da ruwa. Na sa kwalba mai faɗi da yashin da ake sayarwa don cincila (wata dabbar kiwo mai gaigaya), mai ɗan kauri, ban da irin mai laushi kamar gari wanda ke shiga hanci. Kuma idan an cika gilashin yadda ya kamata, shimfiɗa tana watsowa ta tsakanin waya zuwa kan kafet kullum, wanda uwargida ba ta gaji da ambatonsa ba.

Takardar bayanin da ke cikin kwalin ta ce a zubar da shimfiɗa duka a wanke akwatin kowane mako, kuma wannan shawara tana rushe duk abin da kejin ya gina. Jabil dabbar busasshen wuri ce, fitsarinsa kaɗan ne, ba ya wari kamar ɓeran gida. Yana da wani gurbi a fatar cikinsa da ke fitar da maiƙo, wanda yake gogawa a jikin kaya don ya shaida cewa nan gidansa ne. Idan aka kwashe komai lokaci ɗaya, an rushe ramukan, an goge shaidar, dabbar ta tsinci kanta a baƙon wuri, tsoron ya dawo sabo. Abin da ya fi shi ne a riƙa kwashe wurin da ya ɓaci da ragowar ɗanyen abinci, a tace yashin, sannan bayan makonni a canja wani ɓangare na shimfiɗar a mayar da sauran tsohuwar. Ranar babbar shara kuma sai mutum biyu, domin gilashin yana da nauyi. Wurin ajiye shi ma sai an zaɓa: gilashi yana tara zafi idan rana ta buge shi ta taga, kuma kusa da hita ko a kicin mai tururi bai dace ba, saboda laima tana ɓata gashin jabil da lafiyarsa.

Aibin da ya fi girma a wurina shi ne cewa ba a iya raba kejin gida biyu. Jabil ba ya jin daɗin zama shi kaɗai, amma wani lokaci abokan zama sukan juya wa juna baya su yi faɗa mai tsanani har da rauni, kuma manyan da ba su san juna ba ba a haɗa su kai tsaye. Hanyar da masu kiwo suka sani ita ce a sa shingen raga a tsakiyar akwati, kowa yana jin ƙanshin ɗan'uwansa ba tare da haƙori ya kai ba, ana musanya musu ɓangare lokaci-lokaci har su saba. Da yake hawan sama na wannan keji a haɗe yake, kuma tsani ɗaya ne, shinge ba ya zama a cikinsa sai an cire saman gaba ɗaya an yi wani murfi. Wanda ke da niyyar nemo wa jabil ɗinsa abokin zama ya san da wannan tun kafin ya biya kuɗi. Wannan ya shafi batun cizo kai tsaye, domin jabil ɗin da ɗan'uwansa ke kora daga abinci da wurin kwana yana zama a firgice, kuma hannun mai shi ne ke shan sakamakon.

Akwai kuma abin da babu kejin da zai gyara. Jabil ɗin da ya saba da hannu sannan ya fara cizo kwatsam, a fara zargin ciwo. Haƙorin da ya yi tsawo ko ya karye, ƙari a gurbin maiƙon ciki wanda ya fi samun tsofaffin maza, ciwon kunne da ke sa kai ya karkace, da ƙurajen hanci masu jan ruwa da ke kama da jini, duk suna sa dabba ta ƙi taɓawa. Tsawon ran jabil shekara uku zuwa huɗu ne, don haka ɗan shekara biyu da rabi ya fara tsufa. Mun kai namu wurin likitan dabbobi kafin mu fara komai, aka duba haƙora da ciki da kunne, aka ce lafiyarsa ƙalau. A Ingila kuɗin likitan dabbobi daga aljihun mai dabba yake fita, sai dai ƙungiyoyi irin su PDSA da Blue Cross suna taimaka wa waɗanda suka cika sharuɗɗansu. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin samar mata da mazauni da ya dace da damar yin ɗabi'unta na asali, kuma ta hana sayar da dabba ga wanda bai kai shekara 16 ba, ke nan nauyin yana kan babba ko da yaro ne ya roƙa.

Shi kuma wanda aka ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana sosai, ya rufe da filasta mai tsabta, ya tabbata allurarsa ta rigakafin tetanus ba ta wuce lokaci ba. Idan wurin ya kumbura ya yi ja, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da ƙuraje suka biyo baya a kwanakin da ke tafe, ya kira 111, lambar neman shawarar lafiya a Ingila, ko ya ga likita ya faɗa masa cewa dabba mai gaigaya ce ta cije shi, domin akwai zazzaɓin cizon ɓera wanda ba a cika samunsa ba amma yana buƙatar magani. Duk abin da na faɗa ya shafi jabil ɗin da aka haifa a hannun masu kiwo ne. Mai karatu a Najeriya kada ya kamo ɓeran gona ko na gida ya ce zai gwada, domin wani nau'insu ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969.

Yanzu mai cizon yana hawa tafin hannu ya zauna ya ci 'ya'yan kabewa, yana bin hannun riga har kafaɗa, kuma an daɗe bai huda fatar kowa ba. Har yau ba ya son a rufe hannu a kansa, kuma ba mu matsa masa ba, tunda jabil dama ba dabbar runguma ba ce. An ɗauki makonni masu yawa kafin a kai nan, ana yi ana komawa baya duk ranar da aka yi baƙi ko hayaniya a gida. Wanda kuɗi suka yi masa kaɗan yana iya sayen tsohon akwatin kifi mai girman nan ya yi masa murfin raga, zai samu zurfin da araha, amma zai rasa ƙofar gaba, kuma ga dabba mai tsoro wannan rashi ne babba. Wanda kuma zai sayi irin nawa, ya tafi shago da awo a aljihu, domin tsayin da ake rubutawa a jikin kwali ya haɗa da hawan waya, kuma akwai masu kama da shi waɗanda gilashinsu bai kai santimita 20 ba. Ya auna zurfin gilashin da kansa, ya duba cewa tazarar waya ba ta wuce santimita ɗaya ba, ya kuma gwada sakatar ƙofar gaba, domin tamu tana ƙara idan ta rufe, sai da na naɗe bakinta da ɗan kyalle daga waje inda haƙori ba ya kaiwa.